Lissafin Singafo a gida: wane bugu ya dace da yaran Maraɗi?

Wata baiwar Allah daga nan Maraɗi ta aiko da tambaya. Tana da yara biyu, namiji ɗan shekara bakwai da mace ƴar shekara tara. Ita ke koyar da su boko a gida da hantsi, da yamma su tafi islamiyya. Ƙanenta da ke Amurka ya ce zai saya musu littattafan lissafin nan na Singafo, amma ya tarar da bugu har biyar na Ingilishi, ya ce ta zaɓa. Ta kuma ji cewa akwai na Faransanci. Ita ta yi lakol har ta samu BEPC, Ingilishinta kaɗan ne. Maigidan ɗan kasuwa ne, yana maganar wataƙila su koma Kano, sai dai ba a tsayar da shawara ba. Wanne za ta ɗauka?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Allah ya raya yaran, ya saka wa kawunsu da alheri.

Da ni ne ke, na Faransanci zan ɗauka, wanda kamfanin La Librairie des Écoles ke bugawa, tare da jagoran malami na kowane aji, in ajiye littafin lissafin makarantun gwamnatinmu a gefe ina dubawa. In kuwa maganar Kano ta tabbata, to a cikin na Ingilishi Standards Edition zan nema in an same shi cikakke, in ba a samu ba Dimensions Math. Dalilan suna da ɗan tsawo, ki yi haƙuri da ni, domin kuɗin da za a kashe ba kaɗan ba ne, kuma abin da kika zaɓa yau shi za ku riƙe shekaru.

Ki fara sanin cewa duk bugun nan tushensu ɗaya ne. Ma'aikatar ilimin Singafo ce ta rubuta jerin littattafan da ake kira Primary Mathematics, suka fito a 1982. Ba su yi suna a waje ba sai da aka yi gwajin lissafi na ƙasashen duniya, TIMSS, a 1995, yaran Singafo suka zo na ɗaya. Daga 1998 wani ƙaramin kamfani a jihar Oregon, Singapore Math Inc., ya fara shigo da su Amurka, kuma iyaye masu koyar da ƴaƴansu a gida suna cikin waɗanda suka fara rububinsu. A 2003 aka fitar da U.S. Edition, wanda kusan littafin Singafon ne da kansa, an dai ƙara masa kuɗin Amurka da ma'auninsu. A 2008 Standards Edition ya fito don ya dace da manhajar jihar Kalifoniya. A 2014 sai Common Core Edition, saboda jihohi da yawa sun koma wata manhaja mai wannan suna. A 2018 kamfanin na Oregon ya fitar da nasa jerin, Dimensions Math. Sannan Marshall Cavendish, masu buga na asalin, suka yi wani sabo da ake kira bugun 2022.

Ki lura da abin da ya jawo yawancin sauyin nan: wata hukumar ilimi a Amurka ta canza jerin abin da take so a koyar a kowane aji, masu littafi suka gyara don a saya a makarantunsu. Ba wani sabon lissafi aka gano ba. Yaronki ba zai zauna jarrabawar Kalifoniya ba, saboda haka "wannan shi ne sabo" ba hujja ba ce a wurinki, ko da ƙanenki ya ce shi ake yayi.

Abin da ya sa littattafan suka yi fice yana cikin kowane bugu. Mataki uku ake bi a duk sabon darasi, tunanin kuma ya samo asali daga aikin wani masani ɗan Amurka, Jerome Bruner, a shekarun 1960. Yaro ya fara taɓa abu da hannunsa, sannan ya ga hotonsa ko ya zana shi, sai a ƙarshe a ba shi lambobi tsurarsu. Kafin ya rubuta 8 + 5 = 13, sai ya ɗebi tsakuwa biyu daga cikin biyar ɗin ya cika takwas ta zama goma, ya ga uku sun yi saura a gefe. In ya yi haka sau da yawa, hadda za ta zo masa da sauƙi, kuma ranar da ya manta yana da hanyar da zai bi ya dawo da amsar. Darussan shekara ba su da yawa, amma ana daɗewa a kan kowanne har ya zauna.

Sai kuma zanen sanda, wanda ake fara aiki da shi sosai daga aji uku. Ga misali irin na ɗan aji biyar. Wata mata ta je kasuwa, ta kashe kashi biyu cikin biyar na kuɗinta a shinkafa, ta kashe rabin abin da ya rage a mai, ta dawo gida da sefa 1500. Nawa ta fita da shi? Mu da muka yi lakol, sai mun shiga koleji ake koya mana mu sa x mu warware irin wannan. Yaron da ya saba da zanen sanda zai zana dogon akwati ya raba shi gida biyar, ya ce biyu na shinkafa ne. Saura uku, uku kuwa ba ta rabuwa biyu daidai, sai ya tsaga kowane gida biyu, gidajen su zama goma: huɗu shinkafa, uku mai, uku abin da ta dawo da shi. Gida uku 1500, gida ɗaya 500, goma 5000. Ya gama, kuma yana ganin dalilin kowane mataki da idonsa. Na daɗe ina koyar da ƴan CM, azuzuwan ƙarshen firamare, kuma inda suka fi faɗuwa ba tarawa ko ninkawa ba ne, a'a, su karanta tambaya su rasa wane lissafi ake nema, sai su kama lambobin da suka gani su haɗa su yadda ta kama. Zanen nan maganin wannan ciwon ne.

To ga inda zaɓinki yake. Littafin yaro ba shi da magana da yawa, hotuna ne da ƴan tambayoyi. Matakin farko, na taɓawa da hannu, kusan duk ba ya cikinsa, yana cikin jagoran malami: me za ki shimfiɗa a tabarma, wace tambaya za ki fara yi, wane kuskure yaro zai iya yi, yaushe za a buɗe littafi. Uwar da ba ta iya karanta jagoran nan cikin natsuwa, za ta buɗe shafi ta ce "yi wannan", hanyar ta zama irin wadda aka saba, an dai biya ta da tsada. Kin ce Ingilishinki kaɗan ne. Jagora mai kauri da za ki riƙa karantawa da ƙamus ko da fassarar waya, bayan aikin gida da girki, ba zai kai wata biyu a hannunki ba. Na Faransanci kuwa za ki karanta shi da dare cikin minti goma, ki kwana da sanin abin da za ki yi gobe. Wannan ya fi duk wani bambancin da ke tsakanin bugu biyar ɗin nan nauyi.

Na Faransancin ba jabu ba ne. La Librairie des Écoles ta fara kawo hanyar Singafo Faransa tun wajen 2007, daga 2016 kuma ta fara fitar da sabon bugu da aka daidaita da manhajar Faransa, ƙarƙashin jagorancin Monica Neagoy. A 2018 rahoton da masanin lissafi Cédric Villani da Charles Torossian suka miƙa wa gwamnatin Faransa ya yaba wa hanyar. Shi ma yana da tsohon bugu da sababbi. Tsohon ya fi kusa da na Singafo na asali, littafin darasi daban, na aiki daban. A sababbin, ƴan ƙananan azuzuwa a cikin littafin suke rubutu, jagoran malamin kuma ya fi yalwar bayani. Ki ɗauki wanda kamfanin ke sayarwa yanzu, don shi za ki ci gaba da samu baɗi da baɗin baɗaɗa.

Akwai tarko guda a nan da ya kamata ki gaya wa ƙanenki kafin ya biya. Firamaren Faransa shekara biyar ce, tana farawa daga CP. Tamu shekara shida ce, tana farawa daga CI, sannan CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Littafin da aka rubuta wa CP a Faransa na shekarar farko ne, an kuma rubuta shi don yaron da ya tashi da Faransanci a bakinsa. Kada ki dubi sunan aji a bangon littafi ki ce ai yarona ya kai CP ko ya wuce. Ki dubi abin da ke ciki. Ɗan shekara bakwai ɗin ya fara da na CP ɗinsu, ko da ya iya ƙirga har ɗari, in ya ga sauƙi ku yi sauri. Shekarar da muka fi su da ita riba ce gare ki, ki kashe ta a kan harshe.

Ba kuma na ce ki koyar da Faransanci zalla ba. Ki karanta jagora da Faransanci, ki yi darasin da Hausa, in yaro ya gane sai ki ba shi sunan abin da Faransanci. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Ƙirgarmu ma ta fi taimakon mai koyo. Da yaro ya riƙe sunayen gomomi, ashirin, talatin har casa'in, sauran a bayyane yake: saba'in da biyu, gomomi bakwai ne da biyu. Da Faransanci 72 sittin da sha biyu ce, 97 kuwa ashirin huɗu da goma da bakwai. Duk malamin CP ya ga yaron da aka yi wa shifta ta 72 ya rubuta 612. Ba lissafi ya kasa ba, kunnensa ya bi. In ya riga ya ɗaura ƴan kara goma-goma ya ga dami bakwai da sile biyu, sunan Faransancin zai zama laƙabi kawai a kan abin da ya sani.

Yanzu bari in nuna miki abin da ya sa maganar Kano take da muhimmanci, ya kuma sa nake so ku tsayar da ita ke da maigida kafin yarinyar ta yi nisa. Lissafi ɗaya ne a duniya, amma rubuta shi ba ɗaya ba ne. A lakol ɗinmu waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, ɗaya da rabi 1,5. A littafin Ingilishi ɗigo ne, 1.5, waƙafi kuma dubbai yake rabawa. Saboda haka 1,250 a Maraɗi ɗaya da kwata ce, a Kano kuwa dubu da ɗari biyu da hamsin. Rabawa ma haka. Mu muna sa lambar da za a raba a hagu, mai rabawa a dama bayan layi, amsa a ƙarƙashinta. Su mai rabawa ce a hagu, wadda za a raba tana ƙarƙashin rumfa, amsa a sama. Babba zai sauya cikin mako guda. Yaron da bai gama kama rabawar ba, in aka sauya masa shimfiɗa a tsakiya, sai ya rikice ya rasa duka biyun.

Ɗebewa kuwa, ke da kanki sai kin yi hattara, kowane bugu kika saya. Ɗauki 52 a cire 27. Yawancinmu an koya mana mu ƙara goma a kan 2 ta sama ta zama 12, mu ƙara ɗaya a kan 2 ta ƙasa ta zama 3, mu ce 12 a cire 7 saura 5, 5 a cire 3 saura 2. Amsa ta fito daidai, amma tambayi yaro daga ina goman ta zo, me ya sa aka ƙara ɗaya a ƙasa, sai ya yi shiru. Hanyar Singafo kwance dami take yi: 52 dami biyar ne da sile biyu, a kwance dami ɗaya, ya zama dami huɗu da sile goma sha biyu, a cire bakwai, a cire dami biyu, saura 25. Hannunki zai riƙa komawa tsohuwar hanya ba ki sani ba, musamman in kin gaji. Ki zauna ke kaɗai ki yi lissafi kamar ashirin da sabuwar kafin ki kai ga wannan babin. Ki kuma gaya wa duk wanda ke taya su aiki a gidan, baba ko yaya, kada ya ce "kawo in nuna maka mai sauƙi".

Babin kuɗi, a kowane bugu, ki ɗauka ba naki ba ne. Na Ingilishi dalar Amurka ce da ƴan sulallanta na senti ɗaya, biyar, goma da ashirin da biyar. Na Faransanci yuro ne. Yaron da bai taɓa riƙe su ba, babu matakin taɓawa a wurinsa. Ki tara kuɗinmu na ƙarfe, 5, 10, 25, 50, 100, 200, 250, 500, ki sake rubuta tambayoyin da su. Sai dai kuɗinmu yana da nasa rikicin da babu littafin waje da ya san da shi. A baki da dala muke ƙirga, dala kuwa tamma biyar ce. Yaro ya san 100 dala ashirin ce, 25 dala biyar, in aka ce masa ɗari ya san takardar 500 ake nufi, 1000 kuma jikka. Ranar da ya ga "100 F" a littafi ya karanta ɗari, kansa zai tafi ga 500. Kada ki hana shi ƙirgar kasuwa, ita zai rayu da ita. Ki mayar da ita darasi: jadawali mai gida biyu, abin da baki ke faɗa da abin da aka rubuta a jikin kuɗin, ya riƙa ninkawa da biyar yana rabawa da biyar. Yaran Maraɗi da ake aike kanti suna saurin kama ninkin biyar saboda wannan, in dai an nuna musu cewa abin da suke yi ke nan. Abu guda da kuɗinmu ba zai yi miki ba shi ne koyar da lamba mai waƙafi. Littattafan waje da senti suke shigar da ita, mu kuwa ba mu da abin da ya gaza tamma a hannu. Ki yi amfani da mita da santimita, ko lita da kilo. Tef ɗin tela da sikelin mai nama sun isa.

Ma'auni wani dalili ne da ke rage wa na Amurka daraja a wurinmu. Suna koyar da mita da kilo, amma sun ƙara babi-babi na inci, ƙafa, yadi, da awon nauyi da na ruwa irin nasu: inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, da sauransu. Yadi da inci ba su ɓaci ba, tunda turmin atamfa yadi shida ne, tela ma da inci yake awo. Sauran kuwa ba a tambayarsu a Nijar, ba a tambayarsu a Najeriya, tsallakewa za ki yi, ga shi kin biya kuɗin takardar da na dakonta.

In dai an tsayar da cewa Kano za a koma, yaran kuma makarantar Ingilishi za su shiga, to ga yadda nake ganin biyar ɗin. U.S. Edition shi ne mafi sauƙin kaya, ba shi da tarkace, ana kuma samun na hannu da araha. Ya dace da uwar da ta riga ta san hanyar. Standards ya ƙara ƴan darussa, kamar karanta jadawalin bayanai, yiwuwar aukuwar abu, da lambobin da ke ƙasa da sifiri, ya kuma yawaita bita, ana waiwayar abin da aka wuce a ƙarshen kowane babi. Bitar nan ita ce abin da na fi so a cikinsa, domin yaron da ke karatu shi kaɗai ba ya jin ƴan aji suna maimaita abu, mantuwa na saurin kama shi. Dukansu biyu suna da jagora na musamman don mai koyarwa a gida, Home Instructor's Guide, mai ɗauke da amsoshi, tsarin mako-mako da atisayen lissafin ka. A ganina na Standards ya fi tsari. Ki ce wa ƙanenki wannan ya nema, ba jagoran malamin aji ba, wanda ya fi tsada kuma an rubuta shi don mai yara talatin. Dimensions yana da kyan gani, kowane darasi yana farawa da matsala guda da yaro zai yi tunani a kai kafin a nuna masa hanya, amfaninsa babba kuma shi ne sabo ne, ana samunsa ba wahala. Common Core a aji biyar ya tsaya, an kuma yi shi don bukatar da ba taki ba, ki bar shi. Bugun 2022 a ciki yaro ke rubutu, wasu kayan taimakonsa kuma a intanet suke. Da yanayin wuta da kuɗin data a nan, ga yara biyu, ban ga ribarsa ba.

Ko wanne aka ɗauka, kada a gauraya. Littafin darasi na wannan bugu da littafin aiki na wancan ba sa tafiya tare, domin jerin babi da lambar atisaye sun bambanta. Littafin darasi zai ce a je atisaye na 14, ki buɗe ki tarar da wani abu daban. Masu sayar da na hannu suna yawan haɗa su a ƙunshi ɗaya, bangon kuma yana kama da juna, sai ya duba sunan bugun a jikin kowane ɗaya. Ya kuma san yawan abin da yake shirin ɗauka: a na Ingilishi kowace shekara kashi biyu ce, A da B, kowane kashi da littafin darasi, na aiki da jagora. Littafi shida ke nan a shekara, 36 a shekara shida. In tsohon bugu ne, ya tabbatar zai samu har ƙarshe kafin ya sayi na farko, don tsofaffin bugu ƙarewa suke yi a kasuwa, kuma sauya bugu a aji huɗu yana barin giɓi, wani darasin an yi shi a baya a wancan, a wannan kuma sai gaba. In wanda ake bugawa yanzu ne, shekara ɗaya ta isa a fara da ita.

Tunda yara biyu ne, littafin darasi da jagora sau ɗaya za a saya, ƙanen ya gaji yayarsa. Littafin aiki ne ke ƙarewa. Daga aji uku zuwa sama yarinyar za ta iya rubuta amsa a kayye ta bar littafin da tsabta. A aji ɗaya da biyu kam, inda ake zagaye hoto ana haɗa layi, gara kowa da nasa. Kada kuma ya saya miki akwatunan kayan ƙirga na roba, nauyi ne kawai. Karan dawa da aka yanka daidai aka ɗaura goma-goma da kyauro, marafan kwalba, ƙwallon dabino, allo da alli, sun yi duk aikin da ake bukata har aji uku.

Yarinyar ita ce ta fi bukatar lura. Shekara tara ba ita ke nuna littafin da za ta fara da shi ba. Singapore Math Inc. yana da gwajin tantance mataki kyauta a shafinsa na intanet, ƙanenki zai iya turo miki ta WhatsApp, lambobi ne yawanci, tambayoyin zube kuma ki fassara mata da baki. Ko na Faransanci za ki saya, gwajin zai nuna miki inda take. In ba ki samu ba, ki gwada ta da kanki: ta cire 178 daga 403 ta kuma gaya miki abin da ta yi da sifirin, ta faɗi 6 sau 7 ba ƙirga yatsu, ta raba mangwaro 29 ga mutum 4 ta faɗi saura, ta nuna miki wanne ya fi girma tsakanin sulusi da rubu'i da dalili. In ta yi tuntuɓe a biyu daga ciki, ki mayar da ita baya da littafi ɗaya. Yara da yawa da suka zo daga wata hanya suna farawa ƙasa da shekarunsu da rabin shekara ko shekara guda, ba abin kunya ba ne, kuma babbar yarinya tana cinye littafin ƙananan cikin ƴan watanni. Kada dai ki haɗa ta littafi ɗaya da ƙanenta, ko da matakinsu ya zo kusa. Ki raba musu lokaci, rabin awa shi, minti arba'in ita, in ba haka ba gasa da kuka za su cinye darasin.

Saura littafin gwamnati da na ce ki ajiye a gefe. In a Nijar za su ci gaba, ƙarshen CM2 akwai jarrabawar CFEPD da shiga sizyam, kuma tambayoyinmu suna da nasu salo: kuɗin saye, abin da kaya suka tsaya bayan dako, riba da faɗuwa, faɗin gona da hekta, gudun mota da tsawon tafiya, rabon da wani ya fi wani. Akwai kuma yadda ake so a shimfiɗa amsa a takarda, bayani a gefe, lissafi a gefe, sakamako da ma'auninsa. Yaron da ya bi hanyar Singafo zai iya warware su, amma sai ya saba da kalmomin da shimfiɗar. Ki nemi littattafan da cibiyar INDRAP ta Yamai ta tsara wa makarantunmu, ko ki roƙi wani mushe na unguwa ya ara miki na ajin da ya dace. Daga CE2, rana ɗaya a mako ki ɗauko tambaya biyu ko uku daga ciki, su warware da zanen sanda, sannan su rubuta amsar yadda mai gyaran takarda yake so ya gani.

Ki kuma je ofishin masu duba makarantun firamare na yankinku tun yanzu, ba sai yarinyar ta kai shekarar jarrabawa ba, ki tambayi yadda ake rubuta sunan yaron da bai zauna aji ba, da ko sai ta shiga wata makaranta a CM2. Ki tafi da takardun haihuwarsu, in babu a fara neman su, don ba a rubuta ɗan jarrabawa sai da su.

Abin da za ki tura wa ƙanenki a yanzu kaɗan ne: na CP cikakke da jagoransa don yaron, na yarinyar kuma ya dakata sai kin gwada ta. Kamfanin a Faransa yake, saboda haka ya duba ko ya fi araha a aika wa wani ɗan'uwa da ke can ya taho da su Yamai, maimakon su je Amurka su dawo. Ya yi odar da wuri yadda za su iso kafin Oktoba, ki samu ko mako uku ki karanta jagoran ke kaɗai kafin ki zaunar da su.